Kawu Mai Ƙona Ƙashi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Laraba a tsakiyar bazara, cikin zafin nan da ko kaji ba sa barin inuwa. Bai yi jinya ba. Ƙirji ya riƙe shi da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa a nan Dutsin-Ma. Wan mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Shi ya sa ni makaranta har na zama malamar firamare, shi ya aurar da ni.

Zaman makokin na yi shi a ɗakin matarsa, wanda tagarsa ke kallon rumfar da maza suka zauna, don haka duk abin da aka faɗa a waje a kunnena aka faɗe shi. Mata kam sun yi abin da suka saba. Kowace ta shigo sai ta ce, "Allah Sarki, mutum mai haƙuri." In sunkuyar da kai in amsa, tunda ba wurin gardama ba ne, amma Kawu ba shi da haƙuri ko kaɗan. Mutum ne mai saurin hawa, in yana maka bayani ka kalli gefe, sai ya koma ya faro daga farko.

Na maza ne ya fi ƙona min rai. Za su yi addu'a su shafa, sai wani ya ce, "Wayyo, Malam mai ƙashi! Yau ƙasusuwan daji sun yi maraici." Sai ka ji 'yar dariya ƙasa-ƙasa ta zaga rumfar. Wani ya ba da labarin ranar da ya gamu da shi a hanyar Kurfi da busasshen kan jaki ɗaure a bayan babur. Wani da suka yi aiki tare a asibitin dabbobi ya ce, "Ma'aikaci ne na ƙwarai, sai dai kowa da irin tashi jarrabawa." Wato abin da Kawu ya ƙarar da ƙarfinsa a kai jarrabawa ce, irin ta mai taɓin hankali. Da ba don idon mutane ba, da na leƙa ta tagar nan na wanke su tas.

Mutum ɗaya ne ya yi maganar da ta sanyaya min rai. Wani dattijo ne Kirista ɗan kudu, ya daɗe yana ba da magani a asibitin gari, abokin hirar Kawu ne mai ara masa littattafan likitanci. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya sa aka kira ni. Ya ce, "Malama, kawunki gaskiya yake faɗa, ni na sani. Amma ni mutane nake ba magani, ba wanda ya taɓa tambayata zancen saniya." Ya goge ido da bayan hannu ya tafi.

Sai kuma Baffa, wan mahaifina. Tun ranar farko ya iso daga rugarsa ta wajen Ɗantutture, ya zauna a ƙarshen tabarma da sandarsa kwance a cinya. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Allah Ya jiƙan Musulmi," irin abin da ake faɗa in an ji mutuwar wanda ba a sani ba. Alhali tare suka yi kiwo suna yara, tare aka yi musu kaciya, kuma sun shafe fiye da shekara goma suna jayayya a kan abu guda.

Abin nan kuwa garken gidanmu ne. Shanun kakanmu ne, Baffa ke riƙe da su, a ciki har da rabon da mahaifina ya bar min. Da nononsu gidan Baffa ke ci, da su ake aure, da su ake suna, kuma in ba su Baffa bai san me zai kira kansa ba. Kawu ya ce in ba a bi maganarsa ba, akwai ranar da za a wayi gari garken nan yana kwance. Baffa ya ce ba a haifi mai koya masa saniya ba. Na zauna rubuta wannan ne don 'ya'yanmu su san abin da Kawu ke faɗa, kada a bar musu labarin kan jaki a bayan babur kawai.

Kawu malamin dabbobi ne. A farkon aikinsa allura kawai yake yi, sai duba nama a kwata. Daga baya aka tura shi kwas can wajen Jos, inda wata likita Baturiya mai binciken jijiyoyi ta ɗauke shi yana taya ta aiki. Ya dawo a farkon shekarun saba'in, daidai shigowar fari, da akwati guda na littattafai da wata magana da bai sake ajiye ta ba har ya koma ga Allah.

Cutar da ta dame shi, mu ciwon kwanciya muke ce mata. A ƙarshen rani take zuwa, lokacin da ciyawa ta zama kara. Saniya lafiyayya sai ta fara jan ƙafafun baya, gobe ta kwanta, jibi harshe ya zazzago, yawu na dalala, ta kasa haɗiya. Ba zazzaɓi, ba kumburi, ba zawo. Idonta tar, ta san mai ita, in ya kira sunanta kunnenta ya ɗan motsa, amma ko wuya ba ta iya ɗagawa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce maciji, wasu suka ce bakin mutane ne. Magani kuwa biyu aka sani: a gasa ƙarfe a yi mata lalas a cinyoyi, sannan a ɗaga kanta a ɗura mata ruwan kanwa. In Kawu ya tarar ana ɗurar nan, sai ya hau su da faɗa. "Maƙogwaron ba ya aiki! A huhu ku ke zuba shi!" Haka zai yi ta ihu, su kuwa su ce ai ba za a zuba ido dabba ta mutu da ƙishirwa ba.

Ina nan ranar da ya fara yi wa Baffa bayani. Na je rugar lokacin hutun makaranta, da safe bayan tatsa, wata karsana na kwance a gindin turke, maƙwabta da samarin gida sun kewaye ta. Kawu ya jingine babur, ko gaisuwa bai gama ba ya ce wa Goggo, matar Baffa, ta ba shi ruwa a ƙwarya da ɗan man gyaɗa. Ya ɗiga man ɗigo-ɗigo a kan ruwan, ya tsuguna a gaban Baffa da tsinke a hannu.

"Alhaji, dubi nan. Jijiyar da ni ke magana ba ta jini ba ce, ta saƙo ce, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi laka ta sauka ƙahwa. To bakinta bai taɓa tsoka ba, akwai ɗan rata tsakani wanda ido ba ya gani. Saƙon ruwa ne, ƙunshe cikin 'yan jakunkuna a bakin jijiyar. Tantanin jakar maiƙo ne, tantanin jijiyar ma maiƙo ne. In umarni ya zo, jaka ta matso, maiƙo ya haɗe da maiƙo." Ya tura ɗigo ɗaya da tsinken har ya taɓa ɗan'uwansa, nan take suka zama guda. "Ka gani? Da sun haɗe, bakin jaka ya buɗe waje, ruwan ya zube bisa tsoka, tsoka ta motsa. Da Allah Ya yi tantanin da ƙirgi, da ba su haɗewa, da ni da kai ko ido ba mu ƙihtawa."

Baffa ya ce, "To mi ya haɗa wanga da karsanata?"

"Ƙashi ta tauna. In mushe ya ruɓe a daji, akwai ƙwayar cuta da ke yin dahi a cikinshi, dahin ya maƙale jikin ƙashi. Saniya ta tauna, ya shiga jini, ya tahi neman wani irin maiƙo da ke jikin tantanin bakin jijiya, don shi ya ke iya kamawa. Ya kama, ya shige ciki, ya hana jakunkunan nan haɗewa. Karsanarka na son tashi, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, tsoka lahiya lau ta ke, amma saƙo na ƙunshe ba a zuba ba. Kai kuma ka bi ka ƙona mata cinya, cinyar da ba ta yi laihin komi ba."

Samari suka ƙunshe dariya. Baffa bai ko kalle su ba. Ya ce, "Ƙaƙa ya ke hana su haɗewa?"

"Wannan ba a gano ba tukuna. Ko can inda na koyo suna kan bincike."

"Su jakunkunan, ka gan su da idonka?"

"Na ga hotonsu."

"Hoto," in ji Baffa. Ya miƙa wa Goggo ƙwaryarta ya ce ta zubar, an ɓata mai.

Har yau in na tuna wurin nan sai in ji kamar in cije yatsa. Da wani ne, da ya rufe ido ya shara abin da zai gamsar da mutane. Kawu ba ya iyawa. In ba a sani ba sai ya ce ba a sani ba, ko da hakan zai rusa duk abin da ya gina. Shi kuwa Baffa ba wawa ba ne. Ya san kowace saniya da uwarta da kakarta, kuma shi ya fitar da garken nan daga fari da rai lokacin da wasu suka dawo gida da sanda kaɗai. Da ya ce ai tun zamanin kakanni shanu ke taunar ƙashi kuma yawancinsu ba abin da ke samunsu, sai Kawu ya ce, "Gaskiya ne, ba kowane ƙashi ke da dahin ba." Shi ke nan, Baffa ya samu abin riƙewa na shekara guda.

Abin da Kawu ke nema ba mai yawa ba ne. Ya ce saniya ba don kwaɗayi take cin ƙashi ba. Ƙasarmu ce ta rasa wani sinadari, ciyawar rani ba ta da shi, kanwa da gishiri ba sa bayar da shi, sai jikin saniya ya tura ta neman sa a ƙashi. To a ba ta shi ta hanyar da ba ta kisa. A samo ƙashin dabbar da aka yanka a kwata, a ƙona shi har ya yi fari fat, wuta ta cinye duk wata cuta, a daka, a gauraya da gishiri, a zuba a komi, wato akushin katako na shanu, tun farkon rani. In ta lasa ta ƙoshi, ba ta ƙara kallon mushe. Na biyu kuma, duk dabbar da ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙona ta.

Da ya ga ba mai yi, sai ya shiga yi da kansa. Ya kafa tsohon duro a bayan gida yana ƙona ƙashin kwata, warin ya hana unguwa sakat. Matarsa ta ɓoye turminta a gidan maƙwabta, ya je ya sayo nasa, yana daka da kansa da rana tsaka, namiji da furfura. Ko ina za shi da buhu a bayan babur. In ya hangi fari-fari a cikin gona sai ya taka birki, ko da kuwa ɗaurin aure ake jiransa. Waɗannan na daji ba ya haɗa su da na lasa, rami yake zuba su. Ranar da zai kai ni gidan mijina a Kurfi bayan wankan haihuwata ta fari, sau uku ya tsayar da motar da aka ɗauko, ya sauka da babbar riga yana tsintar haƙarƙari, ni ina ciki da jariri ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi tsana shi ne ƙoƙon kunkuru. Ya ce kunkuru in ya mutu a cikin gidansa yake ruɓewa, dafin bai da inda za shi, kuma saniya na son sa kamar yaro da alewa.

Sau ɗaya ya kusa cin nasara. Wani maƙwabcin Baffa ya yarda aka sa masa komin toka, kuma ranin nan ko ɗaya ba ta kwanta masa ba. Amma labari ya riga matansa isa kasuwar Dutsin-Ma. Aka ce shanun gidan wane ƙashi ake ba su kamar karnuka, nononsu nonon mushe ne. Matan suka yini a rana suka koma da ƙoransu cike. Kawu ya je wurin wani babban malami a gari, malamin ya ce ƙashin yanka ne, kuma wuta ta mayar da shi toka, ba komai a kansa. To amma malam a zaurensa ya faɗa, masu sayen nono kuwa suna kasuwa. Maƙwabcin ya kife komin, Goggo kuma ta rantse wa Baffa cewa ranar da tokar nan ta shigo rugarsu, ranar za ta ajiye ƙwarya.

Akwai wata gwauruwa a Tamawa, tsohuwa, saniyarta ɗaya tak, ita ma ta kwanta. Ba danginmu ba ce, ba kuma ta aika a kira shi ba, a hanya ya ji. Ya duba ya ga harshen bai zazzago ba tukuna, ya ce dafin bai yi yawa ba, bakin jijiya na iya sake tsiro in an ba shi lokaci. Ya kafa wa saniyar rumfa, ya tokare ta da buhunan ƙaiƙayi don kada ta kwanta a gefe, ya hana ɗura, ya hana lalas. Kullum in ya tashi aiki sai ya hau babur ya je ya juya ta, ya kai mata ruwa bakinta ta sha da kanta, ya yanko mata ɗanyen ganye daga fadama. Haka ya yi ta sintiri har wata ya juya. Ranar da saniyar ta miƙe, tsohuwar ta rungume wuyanta tana kuka, Kawu kuwa ya juya baya yana ƙoƙarin tayar da babur ɗin da bai mutu ba. Da labari ya kai wa Baffa, sai ya ce, "To ai ba ciwon kwanciya ba ne ke nan. Shi ba a tashi."

Babban faɗansu a kan binnewa aka yi shi. A wurinmu in dabba ta mutu, igiya ake ɗaura mata a ja ta bayan gari a bar wa ungulu da kuraye. Wani rani bijimin Baffa ya mutu, Kawu ya ji, ya iso da diga da shebur ya fara haƙa a gefen gonar Baffa ba tare da ya tambayi kowa ba. Ranar kasuwar Kurfi ce, hanya cike da mutane, suka tsaya kallo. Baffa ya fito ya ce, "Malam, mutum a ke rufewa. Ka zo ka yi ma sa jana'iza a gonata, gobe a ce gidanmu an fara wani sabon addini?"

Kawu ya ɗago daga ramin ya ce, "Gara a ce haka da a ce jahilci ya cinye maka garke."

Kalmar nan ta jahilci ita ta ɓata komai. Baffa ya nuna masa hanya da sanda. Tun daga ranar ba su ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba, in sun haɗu a suna ko jana'iza sai gaisuwar fatar baki. Amma Kawu bai fasa ba. Duk farkon rani sai ya ɗora buhun toka ya kai rugar, ya tarar da Baffa cikin mutanensa, ya sake faro zancen maiƙo da jakunkuna daga tushe. Baffa ya saurara har ƙarshe, don ba ya katse baƙo, sannan ya sa a mayar masa da buhunsa kan babur.

Na gwada shiga tsakani. Na ce wa Kawu, "Ku bar zancen jijiyar nan mana, ku ce mashi magani ne kurum." Ya harare ni ya ce shi ba boka ba ne, mutum ya kamata ya san dalilin abin da yake yi. Na je wurin Baffa na ce ko nawa rabon kaɗai a bari a ba su. Ya ce, "Shanu ba su da naki da nawa a bakin komi. In kina so, ware naki ki tahi da su." Ware shanu daga garken gida kuwa, a wurinmu yanke zumunci ne. Na dawo gida ina jin haushin su duka biyun.

Da aka tare ruwa a Zobe, makiyaya suka yi murna, sun samu mashaya ta rani. Kawu shi kaɗai ya ɓata fuska. Ya ce ruwan in ya ja baya zai bar ƙananan tafkuna, su ƙafe, kifi da kunkuru su mutu a cikin laka, shanu masu yunwar ƙashi su bi su. Ya ce abin da a da ke ɗaukar saniya ɗaya ko biyu, yanzu zai iya ɗaukar garke a yini guda. Shekarun farko ba abin da ya faru sai ɗai-ɗai kamar kullum, mutane suka ƙara samun abin yi masa dariya. A watanninsa na ƙarshe ya bar aiki, gwiwa ta fara ba shi wahala, amma sai ka gan shi a bakin ruwa da buhu, yana ɗingishi a cikin busasshiyar laka, masunta na yi masa kirari.

Ranar addu'ar uku, an shafa ke nan ana raba gumba, sai ga babban ɗan Baffa a kan keke, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya durƙusa ya yi wa mahaifinsa magana a kunne. Na ga Baffa ya miƙe, ya zagayo har ƙofar ɗakin mata, abin da bai taɓa yi ba a gidan. Ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, garin ƙashin nan na Malam, akwai saura?" Akwai, buhu-buhu a jingine a ɗakin ajiya, har da waɗanda aka dawo masa da su. Aka samo a-kori-kura aka loda, na yafa mayafi na shiga.

Ban taɓa ganin abin da na gani a rugar nan ba. Makon da ya wuce an kai shanun bakin Zobe, wajen da ruwa ya janye. Yanzu ga su nan zube a fili, kusan rabin garken, wasu harshe a waje, duk idanuwansu na bin mu. Shiru wurin, ko kuka ba sa iyawa. An hura wuta an sa ƙarafa, wani na riƙe da kwalbar ruwan kanwa. Goggo na zaune a ƙasa da hannu a ka.

Baffa ya ce a kashe wutar, a ajiye kwalbar. Na matsa kusa da shi na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, garin nan ba ya tayar da wadda ta kwanta."

Ya ce, "Na sani. Na masu tsaye ne." Ya sa aka jawo komi aka zuba, a kan idon Goggo. Shanun da suka rage suka yi caa a kai suna lasa har suna ture juna.

Biyu sun riga sun mutu, samari sun ɗaura musu igiya za su ja. Baffa ya ce, "Ku kwance. Ku ɗauko diga." Wani ƙaninsa ya ce, "Yaya, saniya ce fa." Baffa ya ce, "Na ce ku haƙa, kuma ya yi zurhi." Ya tuɓe rigarsa ya karɓi shebur, tsoho da shi, ya shiga ramin da kansa.

Sai da rana ta yi sanyi aka gama rufewa. Mutane suka watse wajen kafa wa na kwance rumfa, ya rage daga ni sai shi a bakin ramin. Na san bai kamata ba, amma abin ya fi ƙarfina. Na ce, "Baffa, mi ya hana tun yana da rai?"

Ya daɗe yana kakkaɓe ƙasa daga hannunsa. Sannan ya ce, "Tun ranin da aka sa ma maƙwabcina komi na san gaskiya ya ke hwaɗi. Ina da ido. Amma Malam bai taɓa zuwa ya same ni ni kaɗai ba. Kullum sai gaban yara, gaban ƙanne, gaban surukai. Kowace shekara in ce bana in ya zo shi ɗaya zan karɓa." Ya ɗauki rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya nufi wajen shanun.

Cikin waɗanda suka kwanta, kaɗan ne suka tashi. Nawa rabon duk suna cikin ramukan da aka yi ta haƙawa a makon nan.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da kowane ƙashi da ya sunkuya ya ɗauka, Ya yafe masa kaifin harshensa. Allah Ya ba Baffa haƙurin abin da ya rasa, mutum da dabba. Ina yi musu addu'ar nan kullum, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Amma har yau ban huce da ko ɗayansu ba.